Yadda Tunau Ya Cinna wa Tukwanen Inna Wuta

To, ku gyara zama ku ji labarin Tunau na Rafin Marke. Ku yi dariyarku, ban hana ba, amma kada ta wuce kima, don ni dai mutumin nan yana shiga raina.

A can ƙarshen garin, inda hanya ke gangarawa zuwa ramin yumɓu, akwai gidan wata tsohuwar maginiya, Inna Tasalla. Tun tana budurwa take ginin tukwane, kuma duk randar da ta fito daga hannunta, ruwan cikinta har haƙori yake kamawa don sanyi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne Shekarau, tela ne a birni, mutumin kirki, sai dai yana son komai ya tafi yadda ya tsara. Ƙaramin kuwa shi ne Tunau, autanta, wanda ke zaune tare da ita. Kada ku ji an ce auta ku zaci yaro ne. Ina! Ƙato ne mai gemu, faɗin ƙirjinsa kamar ƙofar zaure. Shi ke haƙo yumɓu, shi ke jiƙawa, shi ke takawa, kuma ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Abu ɗaya ne tak da shi: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Saboda haka Inna ta sakar masa komai na sana'ar, ban da wuta. Wuta kam, ko kusa ba ta bari ya je.

To, ga tsufa ya zo wa Inna. Gwiwa ta ƙi, ido kuma in hayaƙi ya shige shi sai ya yi ta zubar da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da Shekarau ya zo gaisuwar Salla, sai ya tarar da ita tana laluben ƙofar ɗakinta da rana tsaka, don jiya-jiya ta toya tukwane. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya ce, "Inna, wahalar nan ta isa haka. Ke da hayaƙi kun rabu. In har damina ta faɗi ba ki da mai toya miki tukwane, zan zo in kwashe ku ke da Tunau mu koma birni. Na ma gyara miki ɗaki."

Shekarau ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma kallonsa in tana magana. Sai ta dubi kajinta ta ce, "Ai akwai mai toyawa."

"Wa ke nan?"

"Auta."

Shekarau ya waiwaya ya dubi ƙanensa, ya gan shi zaune rungume da akuya tun safe, don an ce ya riƙe ta an manta ba a ce ya sake ta ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Shi ke nan, Inna. In Tunau ya toya tukwane da hannunsa suka fito lafiya, na janye maganata."

Ita kuwa Inna ba dariya a ranta. Ta taɓa kwana a gidan nan na birni. Hawa sama ake yi, ba ƙasa, ba kaji, ba mai leƙowa ta katanga ya ce mata ina kwana. Ta san in aka raba hannunta da yumɓu, zaman jiran mutuwa kawai za ta yi. Wallahi ta fi tsoron ɗakin nan da aka gyara a kan ciwon idon. Sai ta ɗaura ɗamarar koya wa Tunau wuta kafin ruwa ya sauka.

Wata rana da safe ta ce bari a fara da mai sauƙi. Ta miƙa masa fasasshen kasko ta ce, "Auta, je ka gidan Gwaggo Azumi ka ɗauko mana wuta." Gwaggo Azumi maƙwabciyarsu ce, ita ma maginiya ce, ga ta da baki kamar reza amma cikinta fari tas. Tunau ya yi sallama ya shiga, ya tarar ta ɗora tukunyar tuwo ta shiga ɗaki ɗauko gari. Daga ciki ta ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ni ne, Gwaggo, Inna ce ta ce in ɗauko wuta." Ta ce, "Ga ta nan a murhu, ɗauka." Bawan Allah ya dubi kaskon hannunsa ya ga ba zai ɗauke ta ba. Sai ya ajiye shi, ya jawo wani babban daro, ya zare itacen ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe garwashin kaf, har da rushin da ke ƙasa bai bari ba. Ya share murhun tas, ya ɗauki daron a ka ya fito hayaƙi na bin sa. Inna na ganinsa ta dafa ƙirji. Kafin ta buɗe baki, sai ga Gwaggo Azumi ta faɗo gidan da muciya a hannu.

"Tasalla! Aron wuta kika aiko a yi, ko ƙaurar da ni kika aiko a yi?"

Inna ta ce, "Haba Auta, ƙwaya biyu ta garwashi fa ake ɗaukowa!"

Ya ce, "Ba ki ce biyu ba, Inna. Gwaggo ma cewa ta yi ɗauka."

Ranar dai a gidan Inna aka tuƙa tuwon gida biyu, Gwaggo Azumi tana tuƙi tana zagi, tana kuma zuba wa Tunau malmala mafi girma.

Wata rana kuma Inna ta ɗora wake, ta nuna masa yadda ake jera itace a bar wa iska hanya, ta hura har wutar ta tashi. Sai aka aiko wata jikar ƙawarta ta haihu. Ta ba shi mafici ta ce, "Zauna nan ka yi ta fifita ta har in dawo." Kun san zuwa barka, ba a shiga a fito. Aka yi gaishe-gaishe, aka ga jariri, aka sha kunu, aka taɓa hirar wadda ba ta nan. Sai bayan la'asar Inna ta dawo. Tun daga zaure ta fara tari. Tsakar gidan ya yi fari fat da toka, kaji sun yi fari, shanyar da ke kan igiya ta yi fari, ga wani dodo fari zaune gaban murhu yana ta fifita ba ji ba gani. Itacen ya cinye tun hantsi, ga tarin wani a gefensa ko tsinke bai taɓa ba.

Ta ce, "Auta, wutar nan ai ta mutu!"

Ya ce, "Na ga lokacin da ta mutu, Inna. Amma ba ki dawo ba."

"To me ya hana ka iza itace?"

"Fifitawa kika ce."

Ta buɗe tukunyar, wake na nan tsuru-tsuru kamar tsakuwa. Ta rasa ko ta yi kuka ko ta yi dariya, sai ta karɓi maficin ta ce ya je ya yi wanka, kuma in ya gama ya fito.

Wata rana ta zaunar da shi a gindin bishiyar darbejiya da kwalin ashana a hannu, ta ce yau sai ya san sunan kowane aiki. Ta ce, "Ashana ƙyasta ta ake yi. Fitila kunna ta ake yi. Murhu kuwa hura shi ake yi." Ya maimaita daidai, don kan nan nasa ba ya zubar da magana. Ya ce, "To tukwane fa, Inna?" Ta ce, "Su cinna musu ake yi, amma ba ka kai nan ba tukuna." Daga nan ta aike shi 'yar gonarta ta bayan gari ya ƙone tarin tsohon kara, ta ja masa kunne ta ce, "Kada ka ƙyasta sai ka juya wa iska baya." To lokacin bazara ne, iskar ranar kuma ba ta da alƙibla. Ya tsaya ta taso daga gabas, ya ba ta baya. Ya zaro tsinke ke nan sai ya ji ta a kumatunsa na hagu, ya juya. Ta koma dama, ya juya. Can sai ga 'yar guguwa ta taso ta zagaye shi, shi ma ya bi ta. Masu sharar gona suka ɗago kai suka hango ƙato a tsakiyar fili yana ta juyi shi kaɗai, hannu a sama da kwalin ashana. Wani ya ce zuma ce ta bi shi, wani ya ce a'a, abin ne ya motsa. Kafin su iso jiri ya kwashe shi ya faɗa kan tarin karan rigijib. A amalanke aka kawo shi gida. Da ya buɗe ido ya miƙa wa Inna ashanarta cif, ko ɗaya bai taɓa ba, ya ce, "Ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, Inna."

Wata rana, bayan ya iya gyara lagwani da rufe ƙwan fitila ba tare da ya fasa ba, Inna ta ji daɗi ta ce, "Madalla. Daga yau duk inda duhu ya yi, ka kunna fitila, kada ka jira sai na ce." Washegari da hantsi ya wuce ta ƙofar Baba Cindo, wani tsoho makaho mai tufkar igiya. Ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Baba, yau rana ta fito da kyau." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ku kuka gan ta, ɗan nan. Ni wurina duhu ne tun shekarun baya." Ai kuwa Tunau ya zabura. Ya ruga gida ya ɗauko fitilar ƙwai ya kunna, ya dawo ya tsaya a kan tsohon. Baba Cindo ya tashi zuwa kasuwa, Tunau na gabansa da fitila. Ya shiga rumfar masu goro, fitila na gefensa. Ya tafi masallaci azahar, ga fitila a bakin ƙofa tana jira. Kasuwa ta ɗauka, yara na bi suna ihu, ga rana kamar ta fasa kai. Sai da kananzir ya ƙare ƙaf sannan Tunau ya rako shi har gidan Inna don ya ba da haƙuri fitila ta mutu. Inna ta buɗe baki za ta fara faɗa, sai tsohon ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tasalla, kada ki taɓa shi. Tun da idon nan ya tafi, babu wanda ya taɓa kunna fitila saboda ni sai yau. Ban ga haskenta ba, amma na ji ɗuminta a hannuna."

Allah sarki. Inna ta haɗiye faɗanta, ta kawo wa tsohon fura, suka ci tuwon magariba a bakin murhu don su ga bakinsu, tunda ba sauran kananzir.

Wata rana ta ga lokaci na tafiya, ta ce bari a gwada ƙaramin toyi. Suka kai 'yan kasake da ƙananan tuluna matoya, wato filin bayan gari inda magina ke toya kayansu. Ita ta jera, ita ta rufe, ita ta sa wutar, shi nasa kallo. Da aka kira salla ta ce, "Tsaya nan, kada ka bari kowa ya matso kusa da wutar nan." Ta yi sallarta ta dawo da damin kara a ka, don lokacin ƙara wa wutar abinci ya yi. Sai ta ga ƙato ya tare hanya, ya buɗe hannuwa.

"Matsa mana, Auta."

"Ba a matsowa, Inna."

"Kai, ni ce fa, uwarka!"

"Na gane ki sarai. Amma ke ma kowa ce."

Ta yi dama ya yi dama, ta yi hagu ya yi hagu. Da ta matsa, sai ya ɗauke ta cak har da damin karan, ya kai ta inuwa ya ajiye a hankali. Ta ce, "To na ji, yanzu na ce ban da ni!" Nan fa aka ɗaure masa kai. Ya ce, "To wacce zan bi, ta farko ko ta biyu?" Ya tsuguna yana nazari, hannunsa ɗaya riƙe da bakin zanenta don kada ta wuce kafin ya gama. Yana gama nazari wuta na gama mutuwa. Kasaken suka fito rabi gasassu rabi ɗanyu, ana zuba musu ruwa suka koma laka.

Labari ba ya kwana a Rafin Marke. Direban motar kasuwa ya kai wa Shekarau, ya kuma dawo da saƙo: ranar kasuwa mai zuwa yana tafe, a fara ɗaure kaya. Inna ta zauna a bakin ɗakinta ta yi tagumi. Tunau ya zo ya zauna kusa da ita ya ce, "Inna, a birni akwai yumɓu?" Ta ce babu. Ya ce, "To me zan riƙa takawa?" Ta jawo mayafi ta rufe fuskarta.

Duk da haka ba ta karaya ba. Tana da manyan randuna da tuluna da ta gina tun farkon rani, aikin da ta fi alfahari da shi, suna jere a ƙarƙashin rumfa suna jiran wuta. Ta ce da su za a yi ta ta ƙare.

Wata rana, ana jibi kasuwa, sai hadari ya haɗo daga gabas ba zato, aka zuba ruwan farko da iska. Rumfa ta tare ruwan, amma ba ta tare danshin ba. Washegari rana ta ƙi fitowa. Inna ta bi randunan tana dafawa, ta ji su sanyi ƙalau, gabanta ya faɗi. Duk maginiya ta san tukunyar da ta sha danshi, in babbar wuta ta same ta farat ɗaya, fashewa take yi. Kamata ya yi a shanya su su sha rana, amma ina ranar? Ga wani hadarin yana harama, in ya sauko ya jiƙa kara da ciyawa, toyi ya wuce sai baɗi. Ga Shekarau gobe. Gwaggo Azumi ma haka ta leƙo ta katanga ta ce, "Ni dai gobe zan sa wa nawa wuta, abin da Allah ya yi shi ne daidai." Inna ta ce, "Ni ma haka."

Ranar kasuwa tun da sassafe Tunau ya kwashe kayan ya kai matoya. Inna ta jera da kanta: randuna a ƙasa baki a kife, tuluna a kansu, ƙananan a sama. Aka rufe da fasassun tukwane, aka bi da busasshen kashin shanu, aka ɗora kara, aka lulluɓe da ciyawa, har tarin ya fi Tunau tsawo. Can ɗaya gefen filin Gwaggo Azumi ta gama haɗa nata. Inna ta ɗauko bakin wuta ta damƙa masa.

Ta ce, "Auta, yau ka kai. Ka ji abin da ake ce wa cinnawa. Ba hurawa ba ce, ba fifitawa ba ce. Ka ɗauki wuta a hannunka, ka kai ta jikin abu, ka tsaya sai ka ga ta kama, sannan ka matsa gaba. Ka cinna wa tukwanen nan wuta, ka bi su duka, kada ka tsallake ko ɗaya."

Nufinta ya zagaye tarin ta kowane gefe. Ta juya ta tafi gida, don sharaɗin shi ne hannunsa kaɗai, idonta kuma ba ya son hayaƙi.

Ba ta daɗe da zama ba ta hango baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Ta ce Alhamdu lillahi, ya dai cinna. Jim kaɗan sai ta ji tas! Ta dafe ƙirji. Sai kuma tas! tas! Duk ƙara ɗaya tana jin ta har cikin haƙarƙarinta, tana cewa wannan babbar randar ce, wannan tulun mai dogon wuya ne. Da abin ya yi yawa sai ta daina saurare. Ta shiga ɗaki ta shimfiɗa tsohon zane, ta fara zuba 'yan kayanta a ciki. Ta ɗauko dutsen da take goge tukwane da shi, wanda ta gada wurin uwarta, ta juya shi ta juya shi, ta rasa ko ta sa a ƙunshin ko ta bari, don ba ta san abin da zai goge a birni ba.

Bayan azahar Shekarau ya yi sallama. Ya ga ƙunshin, shi ma bai ji daɗin ganinsa ba. Ya ce, "Inna, mu je mu taho da Tunau." Suka kama hanya, yana gaba tana biye da sandarta.

Da suka isa matoya sai suka tsaya cak. Tarin Gwaggo Azumi ne ya ci ya rufta, tana zaune gefensa ta haɗa kai da gwiwa. Ashe duk fashe-fashen nan nata ne. Tarin Inna kuwa babu shi sam! Tunau ya warware shi tas. Ya ga in suna lulluɓe ba yadda zai kai wuta jikin kowace, don haka ya sauke ciyawa gefe, kara gefe, kashin shanu gefe, ya baje tukwanen a fili ɗaya-ɗaya. Ga su nan birjik, kowace da ɗan hayaƙinta siriri. Shi kuma yana bin su da bakin wuta, ya cusa 'yar ciyawa a cikin wannan ya cinna, ya zagaya mata wata a gindi ya cinna, ya tsuguna yana jira. Zufa ta wanke shi, gemunsa duk baƙin hayaƙi. Da ya hango su sai ya taso kamar zai yi kuka.

Ya ce, "Inna, sun ƙi kamawa. Ciyawar ce kawai take ci. Tun safe nake zagaya su, na rasa sau nawa, ko ɗaya ban tsallake ba, amma sun ƙi."

Shekarau ya girgiza kai ya ce, "Inna, kin dai gani da idonki." Inna ta taka ta dafa randar da ke kusa don ta jingina. Sai ta yi saurin janye hannu. Ta sake mayarwa a hankali. Zafi! Ba zafin ƙuna ba, zafin da ya ratsa ciki da waje. Ta shafa gindinta, ta zura hannu ciki, ta ji ta bushe ƙayau. Ta taka ta dafa ta gaba, haka. Ta gaba ma haka.

Gwaggo Azumi ta ɗago kai, ido jawur, ta ce, "Tun safe nake zaginsa, Tasalla. Na ce ya bari, ya ce ke kika ce. Sai da nawa suka fara fashewa na lura da nasa, tururi ne kawai ke fita daga jikinsu. Yaron nan ya zuƙe musu danshin kaf. Me kike jira? Ku mayar da su tun da ɗuminsu, ga hadari can!"

Kai, ku zo ku ga tsohuwa ta manta da gwiwa! Ta yar da sanda tana nuni tana ba da umarni. Gwaggo Azumi ta share hawaye ta kawo ragowar ciyawarta. Shekarau ya tsaya yana kallo, can ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya sunkuya ya rungumi randa. Ɗan maginiya ne, hannunsa bai manta yadda ake kife ta ba. Kafin la'asar tari ya sake tashi. Inna ta kama hannun Tunau ta ce, "Yanzu ciyawar za ka cinna wa. Ciyawar, ka ji ko? Nan, da nan, da can baya."

Ya ce, "Ai da haka kika ce tun safe, Inna, da tuni an gama."

Gwaggo Azumi ta ce, "Da tuni an gama da ku kam."

Ya kai bakin wutar, ya tsaya sai da ta kama, ya matsa gaba. Wuta ta tashi ta haɗe ta ko'ina, tana ruri. Suka ja da baya suka kasa kunne. Shiru. Har tarin ya zama jan garwashi ba a ji tas ko ɗaya ba. Hadarin ma ya yi ta gurnani ya wuce kudu.

Da gari ya waye aka yaye toka. Inna ta bi su tana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, kowace ta amsa da ƙara mai zaƙi, jajaye masu baƙin tabo a kafaɗa, ko tsaga babu. Ta ware wasu ta ce a kai gidan Azumi, kada ta shiga damina hannu wofi. Shekarau ya daɗe yana duban ƙanensa, sannan ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, na janye. Ki kwance kayanki, ki zauna gidanki."

Inna ta ji wani daɗi ya cika mata ciki, irin wanda rabonta da shi tun tana da ƙarfinta. Tunau kuwa ya matso a ɗarare, don shi har yanzu bai san matsayinsa ba.

Ya ce, "Inna, jiya na yi laifi ko ban yi ba?"

Ta ce, "Ka yi, Auta. Babba ma kuwa. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin, yana ta murmushi, bai fahimci komai ba. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To tsayuwar me kake yi? Je ka ramin yumɓu ka ɗebo mana, akwai aiki a gabanmu." Ya saɓi magirbi ya ruga a guje. Sai da ya yi nisa abin ya faɗo mata, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Kwando ɗaya, Auta! Kwando ɗaya kawai, ba duk ramin ba!"

Nan na baro su, tana bin sa da sanda tana kira, shi kuwa ya riga ya sha kwana.